Buhun da Na Ƙi Ɗinkewa a Gafasa

Ku samarin nan da kuke cika mini benci kuna cinye mini gyaɗa, na ji abin da kuka faɗa ranar kasuwa, kuna zaton kunnena ya yi ritaya. Wai aikin Baba Haladu ba aiki ba ne, ɗinke bakin buhu ne kawai da rataya 'yar takarda mai hoton koren ganye. Har wani a cikinku ya ce in aka tura masa hoton tambarin a waya, zai je Kano a bugo masa cike da leda kafin la'asar. Gaskiya ya faɗa, za a bugo, kuma zai fi namu sheƙi. Ku dai gyara zama ku ji yadda ake samun na gaskiyar, in ya so ku tafi Kanon.

Buhun farko da na ɗinke a kasuwar Gaya na wani mai wake ne daga Balan. Maigidana Alhaji Mati, Allah ya ji ƙansa, ya miƙo mini basilla da zare. Da na gama, sai ya taso daga kujerarsa. Alhaji mutum ne da Allah ya yi wa jiki, in ya hau babur sai ka tausaya wa babur ɗin. Ya kwantar da buhun, ya zauna a kai, ya ɗan yi tsalle yana kallon sama. Haka yake gwada ɗinkin kowane almajirin sana'a. In bakin buhu ya riƙe Alhaji, to zai riƙe hanyar Legas da duk ramukanta. In ya buɗe, ka kwance ka sake, kuma kai za ka tsince waken da ya zube kafin awaki su riga ka.

A wurinsa na koyi barin kunne biyu a bakin buhu don lebura ya sami abin kamawa, da yadda ake naɗe baki ciki kafin a soka basilla. Wake da gero suna yafe wa mai ɗinki, amma riɗi ba ya yafewa. Ƙwayarsa ƙanana ce, ramin da allura ta bari ya ishe ta hanya. Ka yi ɗinki mai faɗi, ka ɗora a mota, kafin a kai Wudil ka shuka riɗi tun daga Gaya. Kayan aikina ba su da yawa: basilla mai ɗan lanƙwasa, zare, rariya, faifai, tamfol, da ƙarfen nan mai rami da ake soka wa buhu a ɗebo abin da ke tsakiya. Wannan ƙarfen ya fi kowane alƙali saurin yanke hukunci, shi ya sa masu kaya ba sa son ganinsa a hannuna.

Masu kaya kuwa na ga iri-iri. Akwai mai zuba tsabtataccen riɗi a sama, ƙasa kuma yashin da ya ishi gina ɗaki. Akwai mai yayyafa ruwa don sikeli ya yi masa kara. Wanda na fi tsoro shi ne mai fara rantsuwa tun ban tambaye shi komai ba. Da na ji "wallahi tallahi" daga bakin ƙofa, sai in laluba ƙarfena.

Shekarar da ba na mantawa ita ce wadda mota ta dawo mana da kaya. Mun loda riɗin mutanen Gafasa, garinmu, aka kai Kano, aka sayar wa masu fitar da shi waje. Muna nan muna jiran alheri, sai ga motar ta dawo da buhunanmu, ɗinkina a bakinsu. An gwada an ce akwai maganin ƙwari a ciki. Wa ya sa? Kowa. Wannan ya yi feshi ana gab da yanka, wancan ya zuba riɗinsa a buhun da ya taɓa ajiye wake da magani, wani kuma buhun takin zamani ya samu don ya fi ƙwari. Babu wanda ya yi da mugunta, haka muka taso muka ga ana yi. Riɗin ya zauna a sito har ya fara warin mai, aka karyar da shi aka sayar wa masu tuya. Aure nawa aka ɗaga a shekarar, rufin kwano nawa aka fasa. Ni kaina sai da na koma ɗinkin buhun gawayi, in dawo gida 'ya'yana su kasa gane ni.

Bayan wannan ne manoman garinmu suka haɗa ƙungiya, aka kawo musu maganar tambari. Wata Malama Rabi ce take zuwa daga Kano ta duba gonaki, mace mai takalmin roba da haƙuri. Ita ta yi mana bayani a gindin tsamiya. Ta ce mai sayen riɗinku yana can wata ƙasa, bai taɓa ganin fuskarku ba, bai san babanku ba, ba zai ji rantsuwarku ba. Wannan 'yar takardar ita ce fuskarku a wurinsa. In ya gan ta a buhu, an yi masa alkawarin cewa ba a yi feshi ba, ba a sa takin zamani ba, ba a ƙone gona ba, ba a sare itatuwan cikinta ba. Shi kuma ya yi alkawarin saye da daraja, kuma ya dawo baɗi.

Kada ku ɗauka da ta gama magana aka raba takardar. Sai da gonakin suka yi damina bayan damina ba su ga magani ba, ana zuwa ana dubawa, kafin aka ce mun cancanta. Aka bar tazara tsakanin gonar ɗan ƙungiya da ta mai feshi. Aka sayi tamfol na riɗi kaɗai, wanda ko barkono ba a shanyawa a kai. Buhu sai sabo dal. Sito aka share shi har ɓeraye suka yi ƙaura don babu abin lasa. Ni kuma aka ce buhun ƙungiya ba ya hawa mota sai ni na duba na ɗinke na rataya takardar. Wasu sun gaji sun fita, ban ga laifinsu ba, cire ciyawa da hannu a gonar riɗi ba wasa ba ne.

Amma da tambarin ya zo, mun ga amfaninsa. Da mu muke bin dillalai muna lallashi, suna taɓa riɗi da yatsa biyu suna yamutsa fuska. Yanzu tun riɗi yana fure ake kiran waya ana tambayar lafiyarsa, har a tambayi ta iyali daga baya. Sharaɗin dai guda ne mai tsauri, kuma Malama Rabi ta maimaita shi har muka haddace: suna soka buhun da suka ga dama, in aka sami magani a guda ɗaya, duk motar ta faɗi, a karɓe tambarin ƙungiya gaba ɗaya, a koma farko.

Cikin waɗanda ba su taɓa shiga ba akwai Ɗanjuma, ɗan gwaggona, wato taubashina. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da daɗi ba. In ya gan ni sai ya ce, "Ga telan buhu, yaushe za a ɗinka wa amarya riga?" Ni kuma in ce masa likitan ƙwari, don Ɗanjuma in ya goya tankin feshi, sauron unguwar ma sai ya yi wasiyya. Cewa yake yi riɗinmu mara lafiya ne, tunda ba ya shan magani.

To a wata damina, Malam Sale, dattijo a ƙungiyarmu, ya kwanta ciwo daidai lokacin noma. 'Ya'yansa maza suna kudu wurin nema. An yi masa gayya sau ɗaya, amma ciyawa ta riga ta ci gonar. Da aka yanke riɗin aka tsayar ya bushe aka kakkaɓe, abin da ya fito bai kai a kira shi amfanin gona ba.

Ku da kuka taso a gari ba lallai ku san yadda muke yi a Gafasa ba. In mutum ya kwanta ko gonarsa ta ƙi, ba a kai masa taimako hannu da hannu. Buhu ake jingina a zaurensa, baki buɗe. Duk wanda ya kakkaɓe nasa sai ya biyo da abin da ya sawwaƙa, ya zuba, ya shiga ya yi sannu, ya fita. Mai tiya ya zuba, mai kwano ya zuba, mai tafin hannu ya zuba. Da ya shiga buhu ya zama ɗaya. Maigidan ba ya sanin wanda ya ba da mai yawa balle ya ji nauyinsa, mai kaɗan kuma ba ya jin kunya. Haka aka yi wa Malam Sale. Ni ma na zuba nawa, kuma ko a raina ban kawo komai ba.

Ranar lodi ina bakin sito tun hantsi, ina soka ina dubawa ina ɗinkewa. Mota ta zo, direba ya kwanta a ƙarƙashinta yana jiran mu gama. Sai ga amalanke da buhunan Malam Sale, cike fam, Ɗanjuma ne yake kora shanun.

"Telan buhu," ya ce, "ka ɗinke waɗannan da kyau. Akwai riɗin ƙosassu a ciki, ba irin naku mai tamowa ba."

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Na naɗe bakin buhun, na ɗaga basilla, sai maganar ta iso inda ya kamata ta isa. Hannuna ya tsaya.

"Ɗanjuma, naka yana ciki?"

"A'a, na babanka ne. Ka taɓa ganin an jingina buhu a garin nan ban zuba ba?"

"Na gonar bakin rafi?"

"Ita mana. Wadda ta fi taka kyau."

Gonar bakin rafi kuwa kowa ya ga Ɗanjuma yana yi mata wanka da magani, riɗi ya kusa yanka. Kuma ba shi kaɗai ba ne, rabin garin ba 'yan ƙungiya ba ne, duk sun zuba. Na ajiye basilla a kan tamfol. Kowa ya gane a lokaci guda, kuma kowa ya so a ce bai gane ba.

Shugaban ƙungiya ya matso kusa da ni yana magana ƙasa-ƙasa. "Haladu, ɗinke kawai. Buhu nawa ne a motar nan? Sai a ce nasa za a soka?"

"In aka soka fa, shugaba?"

"Allah zai rufa asiri. Sadaka ce fa."

"Na san sadaka ce, da hannuna na zuba. Amma takardar nan cewa take yi babu magani, kuma ni da kai mun san akwai."

Ɗanjuma ya sauko daga amalanke. Fuskarsa ta sauya. "Tsaya, Haladu. Riɗina ne ƙazantar?"

"Ban ce ƙazanta ba."

"To me ka ce? Na ɗebo daga abin da zan ci da iyalina na kai wa mara lafiya, ka tsaya gaban jama'a ka ce ya ɓata buhu. To tsince mini nawa ka ba ni. Ga faifai nan, ai kai gwani ne."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya mayar da ita tari. Ni kuwa raina ya ɓaci, don a rayuwata Ɗanjuma bai taɓa kirana Haladu ba sai ranar.

Na ce a dakata da lodi, na taka zuwa gidan Malam Sale, don ban so labarin ya riga ni. Na same shi a zaure a kan tabarma, ƙafafunsa a kumbure. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai ban rage ba. Ya dubi inda aka taɓa jingina buhun.

"Wato abin da aka ba ni don Allah, shi ne ba zai shiga mota ba."

"Allah gafarta Malam, duk motar babu riɗin da ya kai shi albarka. Sai dai injin da suke gwadawa da shi ba albarka yake nema ba."

Ya yi murmushi kaɗan. "In ya shiga, mutane za su rasa tambarinsu?"

"Za su iya rasawa."

"To kar ya shiga. A kai kasuwa a sayar yadda ya samu. Amma Haladu, kada a ce wa kowa ya yi laifi. Ban ga laifi a zauren nan ba."

Na fito. A kasuwa a wannan lokacin riɗi ya cika ko'ina, abin da za a ba shi ba zai kai shi asibiti ya dawo da shi ba, kuma da kuɗin motar nan yake sa ran zuwa. Na dawo sito na tarar ana ta cacar baki. Masu cewa a ɗinke sun fi yawa, sai dai babu wanda ya iya ɗaukar basillar. Ɗanjuma yana gefe ya harɗe hannu. Da ya ji abin da Malam ya ce, sai ya yi tsaki.

"Tunda masu sayen naku ba za su ci ba, ku ku cinye shi mana. Ko ku ma cikinku yana da satifiket?"

Da faɗa ya yi maganar, amma shugaba ya ɗago kai. "Ka ce me?"

"Na ce ku cinye."

Nan fa aka tsaya. Kowane ɗan ƙungiya dama yana rage riɗin ci a gida. To me zai hana ya kawo wannan tsabtataccen a zuba wa Malam a sabon buhu, mai kawowar kuma ya kwashi daidai abin da ya kawo daga na sadakar ya kai wa matarsa? Shugaba ya kira Malama Rabi, ya sa wayar a bayyane kowa yana ji, ya zayyana mata. Sai da ta yi dariya ta ƙoshi. Ta ce in dai daga gonakin ƙungiya ya fito, kuma aka faɗi gaskiyar gonar kowa, ita ba ruwanta da wanda aka miƙa wa kuɗin. Ta ce tun da take aikin nan ba ta taɓa jin inda kirki ya nemi ya karya ƙungiya ba sai a Gafasa.

Aka bazu gida-gida ana kawowa. Abin bai isa ba, sai da na kwance wasu buhunan da na riga na ɗinke aka ɗiba, na sake ɗinkewa. Direba ya fito daga ƙarƙashin mota ya tambaya ko a garin nan ana ɗinki ne don a kwance. Yatsuna sun yi kanta a ranar, amma kafin rana ta faɗi mota ta tashi. Aka soka a Kano, aka gwada, kaya ya wuce. Malam Sale ya je asibiti, ya dawo yana takawa da sanda.

Mu kuma muka shiga cin riɗi. Kantu da safe, riɗi a miya da rana, a kwaɗon rama riɗi, a zogale riɗi. Yaran Gafasa da suke kuka a saya musu kantu suka koma gudu in sun ga faranti. Baƙo in ya zo, kafin a ba shi ruwa an tura masa kantu, in zai tafi a cusa masa wani a aljihu.

Ɗanjuma ne bai huce ba. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Gaishe ni ya dinga yi da ladabi. "Ina kwana, Malam Haladu. Ya iyali? Madalla." Ya wuce. Wanda bai da taubashi ba zai san zafin wannan ba. Na tsokane shi a masallaci, na tsokane shi a wurin suna, na kira shi likitan ƙwari a gaban surukansa, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri." Haka muka ci rani.

Abin da ya biyo baya kuma babu wanda ya zauna ya yanke shi. Daga shekarar, in ɗan ƙungiya ya kwanta, ba a jingina buhu ɗaya. 'Yan ƙungiya su zuba nasu a sabon buhu, sauran gari kuma kowa ya kawo nasa a ƙunshe ya ajiye gefe, don kada a ce shi ya ɓata. Tambari ya zauna lafiya. Sai dai yanzu ana ganin ƙunshin kowa, babba da ƙarami.

Ban san nauyin wannan ba sai da ya zo kaina. Wata damina babur ya kayar da ni a hanyar Ajingi, ƙafa ta karye, gonata ta zama ta ciyawa. Da kaka ta yi ina zaune a zaure da ƙafa a ɗaure, ga sabon buhun ƙungiya a dama, ga ƙunshe-ƙunshe a hagu. Sai ga Ɗanjuma da rabin buhu a kafaɗa. Ya dire shi can nesa da na ƙungiya, ya ɗaure bakin tamau.

"Sannu, Malam Haladu. Ga wannan, na ci ne. Kada a haɗa."

Kafin in amsa, wata tsohuwa ta yi sallama, Iya Tabawa, maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu, wadda take noma ɗan fili a bayan gidanta. Ta shigo da hannu ɗaya a cikin mayafi. Ta dubi buhun ƙungiya, ta san ba nata ba ne. Ta dubi ƙunshe-ƙunshen, kowanne ya fi abin da ta ɓoye. Ta tsaya a tsakiyar zaure tana ta yi mini sannu, sannu ta ƙi ƙarewa, hannun bai fito ba. Ban taɓa jin kunyar basillata ba sai a wannan tsayuwar tata.

Ɗanjuma ya dube ta, ya dube ni. Ya sunkuya ya kwance bakin buhunsa, ya buɗe shi sosai, ya juya mata baya yana kallon bango.

"Iya, zuba a nan. Wannan namu ne na masu feshi, ba a tambayar kowa takarda."

Na kawar da kaina ni ma. Muka ji ɗan sautin zubar riɗi, gajere ƙwarai, sannan Ɗanjuma ya sa hannu ya juya buhun har ƙasa.

"To, telan buhu," ya ce, "in ka isa ka tsince nata."